Daga Hunturu Zuwa Kaka: Kurakuran da Aka Fi Yi a Gidajen Kano da Yadda Za a Gyara

Shekarar Kano kashi huɗu ce: hunturu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, bazara daga Maris zuwa Mayu, damina daga Yuni zuwa Satumba, sai kaka a Oktoba da Nuwamba. Kowa ya san wannan, amma galibin asarar da ake yi tushenta ɗaya ne, wato jira sai lokaci ya kama sannan a fara shiri, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran rufi aikin Afrilu ne, ba na Agusta ba.

Hunturu

Ƙurar da ke turnuƙe gari iska ce ke kwaso ta daga hamada, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Da asuba sanyi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, danshin iska kuma ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wannan bushewar ta fi sanyin ɓarna.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne shiga ɗaki da kaskon wuta ko kurfoti a rufe ƙofa da taga. Garwashi, ko ya yi jajur ba hayaƙi, yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum zai fara jin ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka barci ne, ya kwanta. A ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure, in kuma dole sai an shiga da wutar ɗaki, a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin kowa ya kwanta. Hukuncin janareta ma haka yake: ba a kunna shi a soro ko ƙarƙashin tagar ɗakin kwana don tsoron ɓarayi. Idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk sun galabaita lokaci guda, a fito da su fili, a nufi asibiti. Ɗura musu manja ko madara ba ya cire gubar, yana ma iya shaƙe wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Sai gobara. Hitar dafa ruwa da aka tsoma a bokitin roba aka ɗauke wuta, aka manta ba a zare ba, ita ce ke tashi da tsakar dare idan an dawo da wuta. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga daga soket nan take. Masu shaguna su kashe babban makunni kafin su tashi. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta yi a watan Maris na 2016 ba ya buƙatar dogon bayani kan saurin wuta a lokacin rani. Ba a watsa ruwa ga wutar mai ko ta lantarki. Idan mai ya kama a tukunya, a kashe risho ko gas, a kifa murfi. Bokitin yashi a gefen madafi ya fi ƙarfin kuɗinsa.

Haɓo yana yawa a wannan lokaci saboda cikin hanci na bushewa ya tsage. Abin da aka saba shi ne a ce wa yaro ya ɗaga kai sama, sai jinin ya gangara maƙogwaro ya haɗiye, daga baya ya yi amai. A zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a matse tsokar hancin mai laushi, ba ƙashin sama ba, minti 10 ba a saki ba, yana numfashi ta baki. Shafa ɗan basilin a bakin hanci da daddare yana rage dawowarsa. Kaushi da faso kuwa, a shafa man kaɗanya ana fitowa daga wanka jiki da sauran laima, kada a bari sai fata ta yi fururu. Ruwan wanka mai ƙuna da sabulun soda suna ƙara busar da fata.

Masu sola kan yi kukan batir ya mutu a Janairu, alhali ƙura ce ta lulluɓe faifan. Kada a goge shi da busasshen tsumma, yashin na karce gilashi. Ruwa da soso mai laushi, da sassafe kafin faifan ya ɗau zafi, sau ɗaya ko biyu a mako.

Bazara

A Afrilu zafin rana kan kai digiri 40 har ya ɗan haura. Mutane da yawa ba sa shan ruwa sai ƙishirwa ta kama su, tsofaffi kuwa ƙishirwar ma ba ta cika damunsu ba ko jikinsu ya bushe, don haka sai an riƙa miƙa musu. Ma'auni mafi sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja kuma ya ragu, ruwa bai isa ba. Lebura da ɗan garuwa da direban a-daidaita-sahu da ke wuni suna zufa ba ruwa kaɗai suke zubarwa ba, har da gishiri, shi ya sa jijiyoyinsu ke ɗaurewa. Wanda ya faɗi a rana, jikinsa ya yi zafi rau, magana ta rikice, a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, ana haka ana neman mota. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Jariri da bai kai wata 6 ba, ba a ba shi ruwa ko da zafi ya kai ina. Nonon uwa kusan duk ruwa ne, abin da ake buƙata shi ne uwar ta sha ruwa sosai ta yawaita ba shi mama. Ruwan da ake ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, kuma ta nan gudawa ke shiga.

Ana cewa zafi ne ke kawo sanƙarau. Ba zafin ba ne, ƙwayar cuta ce da ke bi ta numfashi da tari. Ƙura da busasshiyar iska suna raunata maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya ba ta hanya. Shi ya sa makarantun allo da na kwana suka fi shiga haɗari. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sanƙarewar wuya, ƙin kallon haske, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba abin a jira gobe ba ne, cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya. Akwai allurar rigakafi, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar.

A wannan zafin ne kuma ya kamata a hau rufi. A sake ƙusoshin da suka ɗago, a ɗaure katakon rufi da ginin da waya ko ƙarfe, domin guguwar farkon damina ta ƙasan kwano take shiga ta yaye shi gaba ɗaya. Mai gidan ƙasa ya yi yaɓe tun yanzu don ya bushe, ya duba azara ko gara ta ci, ya fasa indararon da ya toshe. Indararo gajere yana zubo ruwa a gindin katanga, kuma daga gindi katangar ƙasa ke faɗuwa. A ƙara masa tsawo, a yi wa gindin dakali mai gangare.

Damina

Ruwan farko mayaudari ne. Akan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a Mayu, mai gona a bayan gari ya zuba iri, sai a ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. A tona ƙasa a gani ko laima ta kai zurfin tafin hannu, a kuma saurari hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara kan lokacin saukar damina.

A cikin gari matsalar kwata ce. Ana zuba shara a lambatu da sunan ruwa zai tafi da ita. Yana tafiya da ita ɗin, amma zuwa bakin kwalbati na gaba, inda ledar fiya wata da yashi ke toshewa, ruwa ya dawo cikin gidaje. Kududdufan da a da ke shanye ruwan unguwanni an cike da yawansu an yi gini. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 ta nuna ko babbar kasuwa ba ta tsira ba. Yashe kwata aikin gayya ne na Mayu, kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar. Tara shi a bakin kwatar aikin banza ne, ruwan farko zai mayar da shi.

Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 yake ɗauka, don haka duk ruwan da ya kwana mako a tsohuwar taya ko fasasshen tulu ya isa. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, shi ke hana ƙaiƙayin fuska da ke sa mutane su jefar da shi. Ba a wanke shi da omo, ba a shanya shi a rana. Maganin rigakafin zazzaɓi da ma'aikata ke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 na kwana uku ne a kowane wata. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage ake bar wa uwa, kuma nan ake sakaci. Haka maganin zazzaɓin cizon sauro mai sha shida a kwana uku: jin sauƙi a rana ta biyu ba dalilin ajiye sauran ba ne. Kafin a saya ma a yi gwaji, ba kowane zazzaɓin damina ne na sauro ba.

A malkar Agusta ruwan ƙasa na tasowa, masai ya tsiyaya cikin rijiyar da ke kusa da shi. Ruwan zai fito garau amma da cuta. Tazarar da ake so tsakaninsu mita 30 ce, abin da gidajen cikin birni ba su da shi, don haka a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Idan amai da gudawa suka kama mutum, a fara ruwan gishiri da sukari tun a gida: ƙunshi ɗaya na haɗaɗɗen garinsa (ORS) cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Yawan gishiri na da illa ga yaro, kuma abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Kaka

Hatsi ya yi araha a Dawanau, magidanci ya sayi na shekara, ya jibge buhuna a kan siminti jingine da bango. Zuwa Janairu ƙasan buhun ya yi fumfuna. A ɗora su kan katako, a bar tazara da bango. Gwajin bushewa ba wuya: a zuba ɗan busasshen gishiri da tafin masara a busasshiyar kwalba, a girgiza, a ajiye minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta, don haka a tsince a zubar, kada a ba kaji.

Wake kuwa, zuba masa fiya-fiya don kashe ƙwari zuba wa iyali guba ne. Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da ake kira bom ma ba ta ɗakin da ake kwana ba ce, hayaƙinta na kisa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ya wadatar ba tare da magani ba, in dai an duba ledojin ba huji, an matse iska, an ɗaure kowace leda daban sannan a ɗaure buhun waje. A ware na cin wata guda a wani mazubi, domin buɗe buhun kullum yana mayar wa ƙwarin iskar da aka hana su.