Yadda ake kek ɗin tuffa ba tare da tsakiyarsa ya caɓe ba

Ranar da na fara yin kek ɗin tuffa jajibirin ƙaramar Sallah ce, a gidanmu na Unguwar Rogo a nan Jos. Samansa ya yi ja gwanin sha'awa, ƙamshin kirfa har gidan maƙwabta. Da na sa wuƙa sai na tarar da tsakiyar kamar alalen da bai dahu ba. Surukata ta gutsiri gefe ta ce, "Sannu da aiki, 'yar nan," ta tura farantin gaba. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Daga lokacin zuwa yau na tsaya a kan ƙannen maigida da 'yan matan unguwa da yawa suna koyo, kuma kusan dukkansu a wuri guda suke faɗuwa. Sun iya kek na yau da kullum, sai su ɗauka yanka tuffa kawai za a yi a watsa a ciki. Alhali tuffa, sama da kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne. Da ta ji zafi sai ta saki ruwan nan cikin kwaɓin, waje ya gasu, ciki ya zauna jiƙe. Don haka a kan tuffar zan fi daɗewa. Buga bota da sukari kuwa na ɗauka kin iya, uwargida.

Ga abin da nake sawa a gwangwanin kek mai faɗin inci 8 ko 9: fulawa kofi 2 (idan da gwangwanin madarar ruwa kike awo, 3 ke nan, a shafe), bota giram 150, sukari gwangwani 1, ƙwai 3, bekin fauda ƙaramin cokali 1 da rabi, garin kirfa ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, madarar ruwa babban cokali 3 zuwa 4, lemon tsami 1, sai tuffa 3 matsakaita. Na ce 3. Na san zuciya za ta ce ki ƙara ta huɗu don a san kek ɗin tuffa ne, kada ki biye mata.

A sayi koriya. Ja mai laushin nan da yara suke so ta fi daɗin ci haka nan, amma a wuta narkewa take, ga zaƙinta ya haɗu da na sukari kek ya gundure ki tun kafin ki gama yanki ɗaya. Koriya tana da tsami kuma jikinta na da ƙarfi, za ki ji ta a haƙori bayan an gasa. Yawancin wadda muke gani a kasuwar Taminus da bakin titi daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, shi ya sa tsadarta ke bin dala. Idan kina neman sauƙi, tambayi mai saidawa waɗanda suka ɗan bugu a gefe, yakan rage kuɗi, ke kuma dama ferewa za ki yi ki yanke wurin. Amma ki latsa da yatsa tukuna: wadda ta yi taushi duk jikinta, ko kyauta aka ba ki kada ki sa a kek. Idan kuma Allah ya haɗa ki da 'yar gida, ƙananan nan da ake nomawa a nan Filato, ki saya, sai ki sa 4 ko 5 tunda ba su da girma.

Ki fere ɓawon duka. Ana shafa wa ta waje wani abu kamar kakin zuma don ta jure tafiya, kuma ɓawon tauri yake yi a cikin kek. Ki raba huɗu, ki cire tsakiyar da 'ya'yan. Guda 2 ki yanka ƙanana, kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu a haɗe. Ta ukun ki yanka siri-siri a tsaye, ita ce ta ado a sama. Kada ki goga ta a magogi, kada kuma ki kai ta bilenda. Wannan shi ne kuskurena na jajibirin Sallar nan, na goge ta kamar karas ina ganin za ta fi shiga jiki, ashe kogi na buɗe wa kwaɓin. Kina yankawa kina matsa lemon tsami a kai, in ba haka ba kafin ki juya ta yi duhu.

Yanzu ki ɗora kasko a wuta matsakaiciya, ki sa bota kamar ƙaramin cokali 1, ki zuba ƙananan yankan da sukari babban cokali 1 daga cikin wanda kika auna, da rabin kirfar. Ki riƙa juyawa a buɗe, kada ki rufe. Za ki ga ruwa ya fito ya kwanta a kaskon. Wannan ruwan shi ne wanda da a cikin kek ɗinki zai zauna. Ki bar shi ya ƙone, minti 5 zuwa 7 ya isa. Abin da ake so ta rusuna ta yi sheƙi, amma idan kin ɗauki ɗaya ba za ta dagargaje a hannunki ba. Idan ta koma kamar fate kin wuce gona da iri, ki shafa wa yara a burodi ki sake sabuwa. Ki juye a faranti mai faɗi ki baza, ta huce sarai. Sarai fa. Na ga wadda ta yi komai daidai, gaggawa ta sa ta juye tuffa da zafinta a kan kwaɓi, bota ta narke, kek ya fito da nauyi kamar dutsen guga. Bayan ta huce ki barbaɗa mata fulawa babban cokali 1 ki girgiza, kowane yanki ya samu. Fulawar nan ce ke riƙe ta a cikin kwaɓin, ba za ta gangara ƙasa ta taru wuri ɗaya ba.

Wasu suna cewa wannan wahalar banza ce, a Turai ɗanya ake zubawa. Haka ne, akwai masu yi. Amma mai obin da ke riƙe zafi daidai tun daga farko har ƙarshe daban, mu da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar gashi ko muke fama da tukunya a kan gawayi daban. Ni dai tun da na fara soya ta ban sake zubar da kek ba.

Sai kwaɓi. Abu biyu ne Jos ta bambanta da sauran wurare, kuma ba kowa ke faɗa miki ba. Na farko sanyi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, botar da kika bari a kan tebur tun dare za ki same ta da safe kamar sabulu. Kada ki narkar da ita a wuta. Ki yanka ta ƙanana a roba, ki ɗora robar a kan ruwan ɗumi na 'yan mintuna har yatsa ya iya shiga. Ƙwan ma ki jefa su a ruwan ɗumi, don ƙwai mai sanyi tsinka bota yake yi ta koma gudaji-gudaji. Na biyu tudu. Garinmu yana sama da teku da kusan mita 1,200, iska ba ta da nauyi, saboda haka kek yana saurin tashi, idan kuma bekin fauda ta yi yawa sai ya kumbura ya dawo ya lotsa a tsakiya. Shi ya sa na ce cokali 1 da rabi. Ƙanwata da ke aure a Abuja cokali 2 take sawa a wannan awon kuma yana yi mata daidai.

Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi. Da na'ura minti 5, da muciya kuwa sai hannunki ya gaya miki. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Ki tankaɗe fulawa da bekin fauda da gishiri da sauran kirfar, ki zuba kashi biyu, madara a tsakani. Daga nan a ajiye na'ura, a koma cokalin katako, ana juyawa a hankali. Kwaɓin nan ya fi na kek ɗin biki kauri: idan kin ɗebo a cokali zai tsaya kaɗan kafin ya faɗo. Idan yana zuba kamar kunu kin cika madara. Fulebo ni ba na sawa, yana danne ƙamshin tuffa. Ki zuba soyayyar tuffa ki juya sau huɗu ko biyar ki tsaya.

Ki shafe gwangwani da bota ki barbaɗa fulawa, ki juye kwaɓin, kada ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwanin. Ki jera siraran yankan a sama, a kwance, ba tare da dannawa ba, ki yayyafa sukari kaɗan. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 180, minti 45 zuwa 55, kuma kada a buɗe kafin minti 35. Idan saman ya yi ja ciki bai gama ba, ki rufa masa takardar foyil.

Mai gashi da tukunya ta zuba yashi mai tsabta a cikin tukunyar, ta ɗora murfin gwangwani ko duwatsu uku, ta bari ya yi zafi minti 15 kafin kek ya shiga. Wuta ƙasa-ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi, don wannan kek ya fi na kullum daɗewa kuma ƙasansa ne ke fara ƙonewa. Zai iya kai awa ɗaya.

Ki soka tsinke wuri biyu ko uku, don idan ya faɗa kan tuffa zai fito da danshi ya ruɗe ki. Ya huce minti 15 a gwangwani kafin ki juye. Kwana 2 yake yi a waje da sanyin Jos, da zafi kuwa a firji, saboda tuffar da ke ciki tana sa shi saurin yin fumfuna. Washegari ya fi daɗi, da shayi mai citta.