Gwajin Aidin: Yadda Ake Gane Tsiro Ya Gama Aikinsa a Tukunyar Kunu

Zaƙin kunun zaƙi na asali ba daga sukarin kanti yake fitowa ba. Hatsin da aka tsirar, wato tsiro, yana ɗauke da sinadarin da masana ke kira amiles, wanda ke farfasa sitacin gero ko dawa ya mai da shi sukari. Kudaku ma yana da shi, shi ya sa mata a Sakkwato ke markaɗa shi tare da gero. Matsalar ita ce harshe ba ya iya faɗin ko aikin ya kammala, balle idan citta da kanumfari sun riga sun shiga. Aidin na kemis, irin wanda ake shafa wa ciwo, yana faɗa cikin daƙiƙa kaɗan.

Kayan gwajin ba su da yawa: farin faranti na tangaran, ƙaramin cokali, tsinken tsire, da aidin mai launin ruwan ƙasa. A tsarma ɗigo 1 na aidin da ɗigo 10 na ruwa. Sai ma'aunin zafi na girki, wanda masu sayar da kayan kek ke ajiyewa. Wannan muna ganin ya zama dole ga mai yin kunun sayarwa, domin yatsa ba ya bambance digiri 65 da 80 na ma'aunin Celsius, kuma a tsakaninsu ne ake yin asara.

Ga ƙullun gero na kilo 1, a tanadi garin tsiro giram 250. A jiƙa garin a ruwan randa lita 1 a ajiye gefe. Ƙullun kuma a dama shi da tafasasshen ruwa kamar lita 5, a mayar kan wuta ana juyawa har ya yi kauri ya nuna sosai. Dalilin raba su shi ne sitacin dawa da gero ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya wuce, alhali sinadarin tsiro a nan yake fara mutuwa. Idan aka dafa su tare, kafin sitacin ya nuna mai aikin ya riga ya ƙone. Don haka a sauke tukunya, a riƙa juyawa har ta sauko digiri 70, sannan a tuttule ruwan tsiron a gauraya. Za ta tsaya kusa da 63 zuwa 65, inda ake so. Cikin mintuna kaɗan za a ji ludayi ya daina nauyi, kaurin ya saki. Tsinkewar nan alama ce mai kyau, amma ba ita ce ƙarshen aiki ba. A nan ne da yawa ke yaudaruwa su ɗauke tukunya.

A rufe, a naɗe da buhu ko tsohon bargo, ko a juye cikin kula. Da hunturu tukunyar da aka bari a tsakar gida tana hucewa tun aiki bai yi nisa ba.

Gwajin farko a yi shi tun kafin a zuba tsiro, a kan dafaffen ƙullun zalla. Dole ya koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a baba. In bai yi ba, aidin ɗin ya lalace, a sake wani. Daga nan sai a riƙa gwadawa duk bayan minti 15. A juya tukunya, a ɗebi rabin cokali na ruwan sama, ba tare da tsaki ko dusa ba, a zuba a faranti, a bari ya huce sarai, sannan a ɗiga aidin a gefensa a ja su da tsinke su haɗu. Baƙi ko shuɗi yana nufin sitaci na nan da yawa. Shunayya ko makuba yana nufin an farfasa shi amma da saura. Idan aidin ya zauna a launinsa na ruwan ɗorawa, an gama. Yawanci awa 1 zuwa awa 1 da rabi ake ɗauka.

Ba kowane abin sha ne ke buƙatar a kai ƙarshe ba. Kunun zaƙi yana son ɗan jiki, don haka makuba ya wadatar. Mai son tataccen ruwan tsiro marar kauri, ko wanda zai ƙafe shi ya yi maɗi, shi ne zai jira ruwan ɗorawa.

Gwajin yakan yi ƙarya ta hanyoyi sanannu. Tsaki ɗaya a faranti zai ba da baƙin ɗigo ko da ruwan ya gama, tunda cikinsa ɗanyen sitaci ne da tsiro bai kai gare shi ba. Samfur mai zafi kuwa ba ya kama launi, sai a zaci an gama. Lemon tsami da kanwa suna kashe launin aidin, kanwa kuma tana rage ƙarfin tsiron kansa, saboda haka kada su shiga tukunya sai bayan gwaji.

Idan awa 2 ta wuce ana ta ganin baƙi, a duba zafi tukuna. Ƙasa da 55, a ɗumama a hankali ana juyawa. In kuwa an zuba tsiro tukunya na sama da 80, ya mutu, sai an ƙara sabo kamar giram 100. Tsiron da aka soya ko ya daɗe a ajiye shi ma ba ya aiki. Tsiron dawa kuma a tabbata an murje saiwa da tohonsa an zubar da su bayan ya sha rana, domin suna ɗauke da guba.

Abin da aidin ya taɓa ba ya komawa tukunya. A zubar, a wanke farantin, a ɗaga kwalbar daga inda yara ke kaiwa.

Da an samu launin da ake so, a tace da rariyar laushi a tafasa minti 10, sannan a huce shi da wuri a sa a firji ko cikin ƙanƙara. Ruwa mai zaƙi da ɗumi, a zafin Sakkwato na watan Afrilu, ba ya kwana lafiya: zai yi tsami, ya fara kumfa, in aka ƙyale shi ya juye zuwa abin da bai halatta a sha ba.