Yadda Ake Kafa Dokoki a Zauren Masu Rubuta Manhaja

Kafin a fara karɓar mambobi, a rubuta dokokin zama a taƙaice, domin doguwar doka ba ta samun mai karanta ta. Akwai wani shiryayyen kundin dokokin zama mai suna Contributor Covenant, wanda aka fitar a 2014 kuma masu gina Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, suka ɗauka a 2018, ana iya gyara shi ya dace da buƙata.

Dokar da ta fi muhimmanci ita ce ta ladabin tambaya. A wajabta wa mai tambaya ya ambaci harshen rubuta manhaja da yake aiki da shi, misali Python 3, ya kawo ɗan guntun rubutun manhajar da matsalar take ciki, sannan ya kwafo saƙon kuskuren a rubuce, tunda hoton fuskar kwamfuta ba ya barin mai amsa ya gwada komai. A kuma hana yi wa sabon shiga ba'a, ko da an sha yin tambayarsa.

Idan wani ya manta ya saka kalmar sirri cikin rubutunsa, a goge ta nan take, a umarce shi ya canza ta.

Hukunci ya fara da gargaɗi a keɓe, sai dakatarwa, sai kora, kuma kada mai kula ya yanke hukunci a rigimar da ta shafe shi.