Yadda na gyara tsallen sarƙar kekena

Keken hawan dutse ne ɗan gwanjo, mai shokoba a gaba kawai. Da na kama hawa a tuddan Zuru sai sarƙa ta riƙa tsallake giya, ƙaras-ƙaras. Mai faci ya ce a sauya sarƙa. Ban yarda ba.

Da na duba, ashe baƙin man mota aka lafta mata, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ta zama kwaɓaɓɓen taɓo. Na wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, har tsakanin haƙoran giyar baya. Da ta bushe na ɗiga man keken ɗinki, na goge rarar da tsumma. Wayar giya kuma ta yi sako-sako, sai na murɗa ɗan makunninta, wato notin da ake daidaita taurin wayar da shi, baya kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke.