Yadda ake raɗa wa tsiro sunan kimiyya

Bishiyar da wani ke kira darbejiya, wani ya ce dogonyaro, wani kuma maina, suna ɗaya masana suka san ta da shi a duk duniya, wato Azadirachta indica. Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ne ya daidaita wannan tsari na suna mai kalma biyu, kuma daga littafinsa na 1753 ake fara lissafin sunayen tsirrai.

Idan za a raɗa wa sabon tsiro suna, da farko ana tsinko reshe mai ɗauke da fure da 'ya'ya, domin ganye kaɗai yakan yaudari mai bincike. Sai a danne shi tsakanin takardu har ya bushe, a liƙa shi a kan kwali, a rubuta wuri da ranar da aka samo shi, sannan a kai shi ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta Kew a Landan ko ta Ibadan. A ganina wannan ne mataki mafi nauyi, saboda da wannan samfurin ake ɗaure sunan, kuma gare shi za a koma duk ranar da gardama ta tashi.

Daga nan sai a kwatanta shi da makamantansa, a yau har da gwajin ƙwayoyin gado, don a gano danginsa da jinsinsa, wato ƙaramin rukunin makusantan tsirrai da ke cikin dangin. Kuka, alal misali, tana cikin dangin Malvaceae tare da kuɓewa da rama da auduga, abin da ba zai ba mai girkin miyar yauƙi mamaki ba.

Sai zaɓen sunan kansa, cikin sigar Latin. Kalmar farko ta jinsi ce, da babban harafi take farawa, ta biyu kuma ta nau'i ce da ƙaramin harafi, a rubuta su a karkace. Kuka ita ce Adansonia digitata, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, kalma ta biyun kuma na nuni da ganyenta mai kama da yatsun hannu.

A ƙarshe dole ne a wallafa bayanin tsiron, da Latin ko da Turanci tun daga 2012, kuma sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke da rinjaye. Idan bincike ya sauya wa tsiro jinsi, yawanci kalmar farko ce ke canzawa, kamar gawo da ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida.