Teku Ba Gulbin Rima Ba Ce: Kurakuran da Mutanenmu Ke Yi a Bakin Ruwan Ikko

Duk wanda ya tashi a Sakkwato yana ganin ya san ruwa. Ya yi iyo a Gulbin Rima, ya je madatsar Goronyo. Wannan sanin ne ke cutar da mu idan muka sauka Ikko muka nufi bakin teku a Badagry ko Tarkwa Bay.

Ruwan gulbi hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya dosa. Teku kuwa takan turo ruwa bisa yashi, sannan ruwan ya nemi hanyar komawa, wani lokaci ta wani ɗan siririn wuri da ke ja da ƙarfin gaske. Abin tsoron shi ne wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa, ba kumfa, ba igiyar ruwa, sai baƙo ya ce nan ne daidai. Kada ka shiga nan. In har ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Yi iyo ta gefe, ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga jan, ka ɗaga hannu a gan ka. Wanda bai iya iyo ba, ruwa iya idon sawu ya ishe shi. Kuma don Allah a cire babbar riga; in ta jiƙe, nauyinta kaɗai ya isa ya kayar da mutum.

Sai cikowar teku. Sau biyu take cika a cikin dare da yini, tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata kusan awa 12 da minti 25. Ƙanena ya ajiye takalmi da waya a kan busasshen yashi muka tafi yawo. Da muka dawo, wurin ya zama ruwa, takalmi ƙafa ɗaya muka tsinta. Dubi inda tarkace da ciyawar ruwa suka yi layi a kan yashi, iyakar ruwan ke nan, ajiye kayanka bayansa.

A Badagry, kafin ka taka hanyar yashin nan ta tsibirin Gberefu, wadda aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku, sai ka haye ruwa da kwale-kwale. Nan nake ganin mutanenmu na ƙin sa rigar ceto, wai ai kusa ne. Mu da muka sha zaman makokin kifewar jirgi a Shagari da Goronyo, bai kamata a roƙe mu ba. In babu rigar, jira wani jirgin.

Zafin can ma daban ne. Namu busasshe ne, nasu gumi ne da ba ya bushewa, ga yashi na ƙona tafin ƙafa da tsakar rana. Fita da sassafe, riƙe ruwan sha, kuma ka guji watan Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi.

Na ga wasu suna jinkirta salla wai ba ruwan alwala. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ɗebo a buta, ka koma can sama inda igiya ba ta kaiwa, ka shimfiɗa darduma.