Yadda ake magance ruwan da ke tsattsafowa a tsakar gida, da wanda gyaran ya rataya a wuyansa

Wanda ya taɓa zama a Fadamar Mada ko wata unguwa mai kwari a garin Bauchi ya san wannan hali. Ruwan sama ya ɗauke kwana uku, rana ta buɗe, amma tsakar gida tana nan jagab, ka taka ƙasa ruwa ya fito ta tsakanin yatsun ƙafarka. Gindin katanga ya yi baƙi, fenti na ɓarewa, kanwa ta fara cin bulo. Bauchi a kan dutse take zaune, irin wanda muke gani a Warinje da Dutsen Tanshi. Ruwan da ya nutse ba ya yin nisa sai ya ci karo da dutse ko yumɓu, ya bi gefe yana gangarawa. Idan Agusta ta kama, ƙasa ta ƙoshi, sai ya ɓullo a gidan da ya fi kowa kwari.

Da farko, gano daga ina ruwan yake, domin ruwa ba ya tsami banza. Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wurin da ya fi jiƙa, ka rufe bakinsa da kwano saboda yara, ka leƙa washegari. Idan ba a yi ruwa ba amma ka tarar ya taru daga ƙasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Idan yana wari ko ya yi baƙi-baƙi, sokawe ne ke yoyo, naka ko na maƙwabci. Idan kuwa har cikin Maris wurin bai bushe ba, kuma yana ƙaruwa ranar da aka sako ruwan famfo, kira mai gyaran famfo, bututu ne ya fashe. Ni wannan matakin na gano tushen ruwan na tsallake. Na sa aka daɓe tsakar gida duka da siminti, damina na zagayowa sai laima ta koma cikin ɗakin uwargida, har ledar ƙasa ta ruɓe. Maginin da na kira daga baya ya kalli daɓen ya ce, "Alhaji, ai kun rufe masa baki ne, shi ya sa ya biyo ta ɗaki."

Na biyu, ka san wanda gyaran yake kansa kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya. Ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa da kansa, babu wanda za ka kama, na mai gida ne. Idan haya kake, wannan aibin gini ne, a sanar da mai gida tun da wuri, a ɗauki hoto da waya, in kuma kai za ka kashe kuɗin, a rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya. Abin da ke kan ɗan haya shi ne yashe rariya da hana shara toshe ta.

Inda ake saɓawa shi ne tsakanin maƙwabta. Wanda ke tudu bai yi laifi ba don ruwa ya gangaro ta hanyar da ya saba bi tun kafin a yi gini. Amma idan ya juya indararonsa cikin gidanka, ko ya yi ciko ya toshe tsohuwar makwarara, ko sokawensa na yoyo ta ƙarƙashin katangarka, gyaran nasa ne. Ƙa'idar addini a nan sananniya ce: ba cuta, ba cutarwa. Je ka same shi kai kaɗai, ka kawo shi ya ga ramin da idonsa. In bai ji ba, sai mai unguwa. In abin ya gagara, akwai duba-gari da hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, musamman kan ruwan ƙazanta, sannan kotu. Kwatar layi kuma ta kowa ce, aikin gayya ke tayar da ita. Babbar kwalbatin titi ce ta hukuma, ita ma takarda ɗaya mai sa hannun mutanen layi ta fi ƙorafin mutum goma a majalisar shayi.

Na uku, raba ƙasarka da ruwan rufi. Bauchi na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 100,000 ke nan, wato duro 500, duk a gindin gininka. Sa masa gota da bututu, ka tara a tanki, ragowar ya fita kwata.

Na huɗu shi ne ainihin aikin: magudanar ɓoye. A yi alamar inda ruwa ke kwanciya tun cikin damina, a haƙa da rani. Lambatun ya kai zurfin santimita 60 zuwa 90, faɗinsa kamar 40, ya bi gefen da ruwan ke shigowa, kuma ya bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da katanga, balle idan ginin ƙasa ne. Gangara ita ce komai: santimita 1 a kowace mita, wato tsawon mita 20 ya sauka da santimita 20. Kada ka yarda da ido, a sa magini ya auna da tiyon lebur, wato siririn tiyo mai ruwa a ciki da ake auna daidaito da shi. A shimfiɗa tsakuwar kankare wankakkiya, mai girman ƙwallon dabino, a ɗora bututun roba mai inci 4 wanda aka huda jeri biyu. Hudojin su kalli ƙasa. Leburori kan juya su sama, suna ganin ta nan ruwa zai faɗa, alhali ruwan daga ƙasa yake tasowa. A rufe bututun da tsakuwa, a ɗora yashi mai tsakuwa-tsakuwa don ya tare laka, sannan ƙasa. A bar ɗan akwatin bulo mai murfi a kowace kwana, ta nan za a riƙa zura tiyo ana wankewa.

Bakin bututun ya zuba a kwatar layi, sama da inda ruwan kwatar ke kaiwa idan ta cika, in ba haka ba ruwan unguwa ne zai biyo shi zuwa gidanka. Idan tsakar gidanka ta fi kwatar kwari, a haƙa 'yar rijiya mai zobban kankare a ƙarshen bututun, a sa sumo, wato injin famfo da ake nutsarwa cikin ruwa, ya riƙa ɗaga ruwan. Sabon sokawe a irin wannan ƙasa asarar kuɗi ne, da kansa zai cika. Kuma kada a taɓa haɗa wannan magudana da ta masai, musamman in akwai rijiyar sha a kusa.

Sai bayan damina ɗaya ta wuce ka ga wurin ya bushe za ka yi ciko da jar ƙasa, ka karkata daɓen ya bar gindin gini, ka kankare filastar da kanwa ta ci ka sake. Kafin nan, duk ruwan da ya kwana bakwai a kwance a share shi, domin cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwan sauro ke zama sauro.